Barcin Yaya Mujitaba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in rage girman kai, wai miji irin Kamalu ba a tsintarsa a bakin titin Bebeji. 'Yar uwa, na gode da nasiha. Ki daure ki karanta na yau har ƙarshe, in kin gama kuma har yanzu yana burge ki, turo lambarki in haɗa ku, ba sai kin ba ni tukuici ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Muhsina, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Bebeji. Mu biyu ne a wurin Umma, ni da Yaya Mujitaba, Abbanmu ya rasu tun ina firamare. Yaya mataimakin matuƙin jirgin sama ne a wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. A farkon daminar nan jirginsu ya faɗi yana shirin sauka cikin ruwan sama, kuma babu wanda ya fita. Allah Ya ji ƙan su baki ɗaya.

Abin da kowa ya sani shi ne wuta ce ta ɗauke a jirgin. Ba irin ɗaukewar da muka saba ba, a ja tsaki a kunna fitilar waya. Kowane inji na jirgi yana da janaretansa, in duka suka mutu sai allunan da ke gaban matuƙa su yi duhu, a koma kan batir, shi kuwa batir ba ya daɗewa. Akwai matakan da ake bi a jere. Ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗaya ya riƙa karantowa, a kashe duk abin da ke shan wuta ba dole ba, a sake gwada tayar da janareta, a nemi filin sauka mafi kusa. Na san wannan ne don lokacin da Yaya yake karatu ni ce mai yi masa jarrabawa. Ina tsinkar zogale yana zagaye tsakar gida yana karanto min su kamar hadda, in ya tsallake ɗaya in jefe shi da tsinke.

To, na'urar da ke naɗar muryar matuƙa ita ma wuta take sha. Da wutar ta tafi sai ta yi shiru. Ba wanda ya ji abin da Yaya da babban matuƙin suka yi a ƙarshe, don haka kowa ya samu bakin magana. Mutumin da ko facin keke bai iya ba sai ka gan shi a intanet yana bayani, wai matuƙan ne suka ruɗe suka kashe abin da bai kamata ba. Sunan yayana ya zama abin taɓa hira a majalisar masu shayi. Wannan ya fi komai ci min rai.

A cikin wannan hali Kamalu ya faɗo mana. Tare da tawagar kamfani ya zo ta'aziyya, yana aiki a ofishinsu na hulɗa da jama'a. Sauran suka yi addu'a suka shafa suka tafi, shi ya liƙe. Wai shi ɗan Tudun Wada ne, ai ɗan gida ne, Mujitaba kuma amininsa ne na ƙut da ƙut. Ni dai ban taɓa jin sunansa a bakin Yaya ba, ko a cikin waɗanda yake yi wa tsiya.

Ku zo ku ga shiga. Shadda mai maiƙo har tana ɗaukar ido, hula an karkata ta gefe, agogon da ya fi ƙarfin tsintsiyar hannunsa, da turaren da ke riga shi yin sallama. Makullin mota ba ya shiga aljihu, a yatsa yake zama yana juyawa. In ya durƙusa gaida Umma sai ya lanƙwasa murya kamar mai shirin fashewa da kuka, da ya fito zaure kuma ya hau kakkaɓe gwiwar wando yana duba ko ta yi datti. Yau ya zo da kifin dam ɗin Tiga, gobe lemo, jibi ya sa a gyara mana batirin sola. Kafin sadakar arba'in har ya aiko yana son a ba shi izinin zuwa zance wurina.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Abba da ta zo zaman makoki daga Kiru ta manta hanyar komawa, ita ce shugabar yaƙin neman zaɓensa.

"Ke 'yar nan, Allah Ya ɗauke miki wa Ya kawo miki miji a rana ɗaya, kina wani yatsina?"

"Gwaggo, ni ban ce komai ba."

"Fuskarki ta ce. Yaro mai ladabi, ga abin hannu, ga zumunci. Ki saka atamfar nan ruwan goro ki fita, kada ki kuskura in gan ki da wannan koɗaɗɗen hijabin."

Ba wanda ya yi min dole, gaskiya. Amma na lura duk ranar da Kamalu ya zo ya zauna yana ba da labarin Yaya, ko da rabinsa ƙirƙira ne, Umma takan ci abinci. Saboda wannan kaɗai nake fita.

Yanzu bari in gaya muku wani abu game da gidan makoki, kodayake kun sani. Ba a faɗin aibin mamaci, wannan daidai ne, nima na yarda. Amma matan unguwarmu ba sa tsayawa a nan, gasar yabo suke yi. Ranar farko wata ta ce, "Allah sarki, yaro mai ibada." Kashegari wata ta ce ai ba ya barin nafila. Gwaggo ta ce ita duk zuwan da ta yi tana ganin haske a ɗakinsa har asuba. Hasken waya ne, 'yan uwa, ƙwallo yake kallo. Kafin a share makoki labari ya tsaya da ƙafarsa: daren da zai tafi kwana ya yi a kan sallaya, kuma da yake Alhamis ce, da azumi a bakinsa ya bar gidan nan.

Yayana mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, kuma akwai dararen da yake tashi. Amma ba wannan daren ba. Ina gidan.

Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yaya ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, balle ta yabe shi a gaban mutane. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Ranar da ya fara zuwa da kayan aikinsa, farar riga da igiyoyi a kafaɗa, unguwa ta cika gidanmu, ita kuwa ta shige madafi wai wake zai ƙone. Don haka da mata suka yi ta jera masa yabo, sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na bar ta, don na ga kamar tana jin sanyi a ranta.

Ranar Talata da la'asar Kamalu ya zo. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na ajiye dafaffiyar gyaɗa da zoɓo, na koma can bakin ƙofa na zauna.

"Tauraruwata, kin yi nisa."

"Nan ma ina ji."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci. Ya ce masu binciken haɗarin za su zo daga Abuja ranar Asabar su gana da iyalan matuƙa, kada mu tsorata, shi zai tsaya mana.

Na ce, "To madalla. Dama ina so in gaya musu maganar janaretan."

Makullin ya daina juyawa. "Wane janareta?"

"Zuwan Yaya na ƙarshe na ji shi a waya yana faɗa. Ya ce jirgin nan janareta ɗaya ya daɗe da mutuwa, an manna takarda a kan makunninsa, kullum ana cewa za a gyara. Ya ce da ƙafa ɗaya suke yawo a sama."

"Haba, Muhsina." Ya jefa gyaɗa a baki. "Wannan ai maganar injiniyoyi ce. Doka ta yarda a tashi haka na ɗan lokaci. Ke me ya haɗa ki da janareta, in ba na cajin waya ba?"

"Ɗan lokacin nan har wata nawa ne?"

"Kin ga, kada ki sa kanki a abin da zai dame ki. Kuskure na kowa ne, ko wane gwani yana iya ruɗewa. Mu dai namu mu fito da kyawawan halayensa, duniya ta san wane ne Mujitaba."

Daga nan ya nemi a yi masa iso wurin Umma. Ina tsaye a bakin labule ina jin sa, murya ta koma ta kuka. Wai Umma ta yi alkunya tsawon rayuwar yaron nan, yanzu lokaci ya yi da za ta buɗe baki ta yi masa shaida a gaban hukuma, a rubuta, ya zauna har abada. Ta gaya musu yadda ya raya daren, ta gaya musu azumin. Gwaggo tana gefe tana share hawaye da bakin zani tana cewa, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ko awa ɗaya bai yi da tafiya ba saƙo ya shigo wayata.

"Sarauniyar zuciyata, na isa lafiya. Ki riƙa tuna wa Umma maganar tsayuwar dare."

Na kife wayar. Ranar Laraba wani ya shigo da hoton fure.

"Kin tuna mata kuwa? Shi ne gatan ƙarshe da za mu yi masa."

Ranar Juma'a kuma, bayan hotonsa a cikin mota da babbar riga:

"Barka da Juma'a, amaryata. Maganar janareta ki bar ta a cikinki, za ta jawo wa gida surutu. Azumin dai kada a manta."

Na daɗe ina kallon wayar. Mutumin da ban taɓa jin ya ce mu yi wa Yaya addu'a ba sai in da masu kallo, me ya sa ibadar Yaya ta hana shi sukuni haka? Zuciyata ta ƙi kwanciya, amma ban gano bakin zaren ba. Na tura masa "To", don in huta.

Asabar da hantsi masu binciken suka iso. Gwaggo ta sa an wanke ledar falo har sau biyu, an canza labule, an turara ɗaki kamar za a kawo lefe. Umma ta saka farin hijabinta na zuwa masallacin idi. Kamalu ya riga kowa zuwa, kuma abin mamaki yau babu shadda mai maiƙo, wani yadi ne ruwan toka mara hayaniya, katin aikin da kullum yake rataye a madubin motarsa ma babu shi.

Baƙin su biyu ne. Wata mata mai kimanin shekarun Umma, da gilashi da baƙar abaya, ta ce sunanta Hajiya Lubabatu, sai abokin aikinta da ke rubutu. Ta durƙusa har ƙasa ta yi wa Umma gaisuwa, ta yi addu'a mai tsawo. Da ta dubi Kamalu, Gwaggo ta yi caraf ta ce, "Ɗanmu ne, shi zai auri ƙanwar marigayin." Shi kuma ya sunkuyar da kai kamar sabon ango. Bai ce ga inda yake aiki ba.

Hajiya Lubabatu ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tambayoyin za su yi kama da shisshigi. Ranar da zai tafi, yaya ya kwana?"

Kafin Umma ta ce komai, Gwaggo ta karɓe.

"Kwana? Ai yaron nan bai runtsa ba. A kan sallaya ya ga asuba."

"Bai yi barci ba sam?"

"Ko gyangyaɗi. Kuma da azumi ya fita, ko ruwa bai sha ba."

Mai rubutun ya ɗago ya dubi Hajiya Lubabatu, ita ma ta dube shi. Ba kallon sha'awa ba ne. Na taɓa ganin irinsa a fuskar likita ranar da aka kai Abba asibiti. Biro ya hau gudu a kan takarda. Na waiga wurin Kamalu, sai na ga yana gyaɗa kai a hankali, yatsansa yana neman makullin da ya bari a aljihu.

Na ce, "Hajiya, don Allah ina da tambaya."

"Muhsina, bari manya su gama," in ji Kamalu.

"Bar ta," in ji Hajiya Lubabatu. "Ina jin ki, 'yata."

"Me ya sa kuke tambayar barcinsa?"

Ta cire gilashin ta riƙe a hannu. Ta ce tunda na'urar murya ta tsaya, dole su haɗa labarin daga wasu wurare. Suna duba injin, suna duba tarihin gyaran jirgin, suna kuma duba halin da matuƙa suka shiga aiki. Idan wuta ta ɗauke, aiki ne na kai a natse, mataki bayan mataki, cikin duhu da ƙarar ƙararrawa. Matuƙin da bai yi barci ba, cikinsa kuma babu komai, yana iya tsallake mataki ko ya taɓa makunnin da ba shi ba. Kuma doka ta ɗora masa ya huta kafin ya hau, in bai huta ba ya faɗa a sauya shi.

"Ke nan in bai yi barci ba, laifinsa ne?"

"Ba mu ce laifi ba. Amma zai shiga rahoto a cikin dalilai."

Wallahi a nan na gano bakin zaren. Kifin Tiga, lemo, batirin sola, hoton fure, tauraruwata. Ashe duk hanya ce ake sharewa zuwa bakin Umma, don uwa ta ɗauki laifin mataccen janareta ta ɗora a kan ɗanta da hannunta, tana ganin yabonsa take yi. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina Kamalu a wannan lokacin ba. Ko tsanarsa ban iya yi ba, bai kai ba.

Amma gaskiyar ita ma tana da nauyi. Sai na tashi a gaban baƙi na ƙaryata Gwaggo, na sauko da yayana daga kan sallayar da duk unguwa ta ɗora shi, na ƙwace wa Umma abin da take jin sanyinsa. A garin nan ba a yi wa yarinyar da ta yi haka uzuri. Na dubi Umma, kanta a ƙasa, carbi ya tsaya a hannunta.

Na ce, "Hajiya, a goge wancan. Yayana barci ya yi."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ana idar da isha'i ya kwanta. Ya tashi ya yi asuba ya koma. Har rana ta fito yana munshari, ina shara ina jin sa ta taga. Kuma ba ya azumi. Ɗumamen tuwon dawa ya ci da miyar kuka, ya ƙara, ya kora da fura. Ni na wanke kwanon."

"Ke! Mamacin za ki yi wa wannan tonon silili? Yayanki? Uwarki tana zaune?"

"Gwaggo, ci da barci ba zunubi ba ne."

"Rufe min baki, mara kunya! Mutane suna yi masa kyakkyawar shaida ke kina cewa ya ƙara tuwo!"

Kamalu ya gyara zama, ya saka muryar kukan nan. "Hajiya, ku yi mata uzuri. Tun rasuwar ba ta dawo daidai ba, tana rikita ranaku. Ni shaida ne, marigayi ya sha gaya min yadda yake raya dare."

Na ce, "Kai a gidan nan ka kwana ranar?"

Na juya wurin Hajiya Lubabatu na gaya mata maganar janaretan, da takardar da aka manna, da ƙafa ɗaya, duk yadda na ji. Ban tsallake komai ba. Mai rubutu ya buɗe sabon shafi.

Da na gama, Hajiya Lubabatu ta matsa kusa da Umma ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, na ji magana biyu. Ke ce mahaifiya, kuma a gidanki ya kwana. Wacce zan ɗauka?"

Gwaggo tana taɓa Umma da gwiwa, Kamalu yana cewa, "Umma, ki tuna maganar da muka yi." Ni kuwa na riga na saduda, na ce shi ke nan, na rasa yaya, yau kuma na ɓata da uwa.

Sai Umma ta ajiye carbin a kan cinyarta.

"Barci ya yi," ta ce. "Na san ya yi, don da sassafe Mudi mai injin niƙa na bayan gidan nan ya tayar da injinsa. Na yafa mayafi na zagaya da kaina, na roƙe shi ya kashe har yaron ya tashi. Na ce masa tuƙi zai yi da rayukan mutane. Mata suna layi da ƙwaryar masara suna harara ta, na tsaya a wurin har ya kashe. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Shi ma bai sani ba. Ku je ku tambayi Mudi, yana nan."

Gwaggo ta saki baki. Ni kam na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo labari.

Hajiya Lubabatu ta jira har muka lafa. Ta mayar da gilashinta, sannan ta juya a hankali ta dubi Kamalu, wanda ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

"Malam, ban ɗauki cikakken sunanka ba. Kuma ban ji inda kake aiki ba. Kai wane ne a gidan nan?"

Gwaggo ta yunƙura za ta amsa, Umma ta ɗaga mata hannu. Tunda nake ban taɓa ganin Umma ta kalli baƙo tsakiyar ido ba sai ranar.

"Bar shi ya faɗa da bakinsa, Asabe," ta ce. "Ni ma abin da nake so in ji ke nan."